Bayan An Naɗe Tabarmar Gidauniya



Kowace shekara mukan kafa rumfuna, sanƙira ya shelanta alkawuran miliyoyi, a yi ta tafi. Watanni su shuɗe, ma'aji na jira. Sai mu ce masu hali sun saɓa alkawari, alhali wanda ya biya bara ko rasit bai samu ba, balle labarin rijiyar burtsatsen da aka ce za a haƙa da kuɗinsa. Ai ko ɗan firamare yakan kai wa mahaifinsa sakamakon jarrabawa.

Shawararmu ita ce, duk wata uku amintattun ƙungiya su aika wa kowane mai bayarwa bayanin asusun banki da hoton aikin, har ɗan tireda mai ba da naira 2,000.