Ba Kowane Zazzaɓi Ne Na Cizon Sauro Ba



Jihar Bauchi tana da ƙananan hukumomi 20 da mazaɓu 323. A yawancinsu, wanda marar lafiya ke fara gani ma'aikacin lafiya ne na matakin farko. A hannunsa ake yanke hukuncin farko: a ba da magani a sallama, ko a tura gaba. Roƙona a yau shi ne wannan hukunci ya dogara da rubutacciyar ƙa'ida.

Ƙa'idar tana nan. Littafin Standing Orders, wanda ɗalibanmu ke karantawa a kwalejin fasahar lafiya ta Ningi, ya tsara tambayoyin da za a yi, da gwajin da za a gudanar, da lokacin da za a ɗaga hannu a tura. Amma sau da yawa yana kulle a akwati, saboda ana jin kunyar buɗe littafi a gaban marar lafiya. Jama'a, mai tambaya ba ya ɓata. Wurin littafin nan kan tebur ne.

Mu ɗauki zazzaɓi. Kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, a yi gwajin jini na gaggawa. Minti 15 zuwa 20 ya isa. In gwaji bai nuna komai ba, sai a ci gaba da bincike. Idan yaro ne, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Numfashi 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alamar lumoniya ce. A auna damtsensa. Ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani. Yaron da ya kasa shan nono, ko yake amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ko ya galabaita, kada a riƙe shi. A ba shi taimakon farko, a rubuta takarda, a tura.

Sai cutar Lassa, wadda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Borno. Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa (NCDC) na shekarun nan suna sanya Bauchi, tare da Ondo da Edo, cikin jihohin da ta fi addaba, musamman da rani. Tana fitowa da kamannin maleriya ko taifod, kuma takan ɗauki har kwana 21 kafin ta bayyana. Zazzaɓin da ya ƙi jin magani bayan kwana uku, ga ciwon maƙogwaro da kasala, ya isa a yi zargi. Kada a jira zubar jini, domin lokacin an makara. A sa safar hannu da takunkumi, a keɓe marar lafiya, a sanar da jami'in sa ido na ƙaramar hukuma, a shirya kai shi Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Maganin ribavirin ya fi amfani in an fara shi da wuri, kuma cutar nan ta ci rayukan ma'aikatan lafiya a ƙasar nan.

Ga hukumomi kuwa, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin lafiya a matakin farko. A sa kuɗin nan ya zama kayan gwaji, safar hannu, sabon bugun littafi, da motar ɗaukar marar lafiya. Likitocin manyan asibitoci kuma su riƙa mayar da amsar takardar da aka turo musu, domin da ita ma'aikacin ƙauye yake ƙara sani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.