Gansakukar Teku da Ƙwayoyin Nano: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai

Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu malamai, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai.

Da sakatare ya ce in yi magana a kan kimiyya, sai na zaɓi gansakukar teku. Na hango wasu 'yan ajinmu suna murmushi: ina ruwan Bahaushe da teku? To, kusan rabin iskar oksijin da tsirrai ke samarwa a duniya daga waɗannan 'yan halittu take fitowa, alhali yawancinsu ido ba ya ganinsu. Ƙananan halittun ruwa su ci su, kifi ya ci waɗancan, mu kuma mu sayi kifin ƙanƙara a kasuwa.

Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin silin gashi ya kai kamar nanomita 80,000. Masana'antu na ƙera ƙwayoyi 'yan ƙasa da nanomita 100, musamman na sinadaran titaniyam da zink, suna sa su a man kare fata daga rana. Mai wanka a bakin teku, da ruwa yake barin su.

A shekarar 2010 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Babara, a Amurka, suka gwada su a kan gansakuka iri 4. Na zink suka rage musu yaɗuwa, domin suna narkewa su saki zink a ruwa. Na titaniyam ba su yi kome ba. Da an tsaya nan da an wanke su. Amma a 2012 aka sake gwajin, aka ƙara irin hasken rana mai ƙona fata, sai iri 3 suka kasa yaɗuwa yadda suka saba. Ashe haske ke tayar da ƙwayar, ta haifar da sinadarai masu ɓata jikin gansakukar. Ga shi kuwa gansakuka ba ta rayuwa sai inda haske yake.

Gaskiya, ruwan gishiri yana sa ƙwayoyin su dunƙule su nitse, don haka ban zo in firgita kowa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ƙara abu ɗaya a gwaji ya juya amsar. Malam, ka sha gaya mana haka a aji, muna gyangyaɗi.

Roƙona ga kwamiti: cikin gudummawar bana a saya wa ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu madubin ƙara girma, ko guda biyu ne, ƙannenmu su ɗebo ruwan kududdufi su ga gansakuka da idonsu. Zan bayar da nawa kason kafin a tashi.