Ƙarfi ko Dabara: Asalin Wasannin Faɗa na Akwatin Lantarki, 1976 zuwa 1991



Batun wannan lacca shi ne asalin wasannin faɗa na akwatin lantarki, watau akwatunan nan masu allo irin na talabijin da akan girke a gidajen wasa, mutum ya jefa tsabar kuɗi, a wancan zamani yen 100 a Japan ko senti 25 a Amurka, ya sami 'yan mintoci yana sarrafa ɗan dambe. Mai yiwuwa wani ya ce ai wannan sha'anin yara ne. Amma kuwa a cikinsa akwai tambayar da ta ɗaure wa masu ƙira kai har shekara 15, ita ce: yaya za a yi faɗa, wanda aikin jiki ne gaba ɗaya, ya koma aikin hannu a gaban akwati?

Amsar farko ita ce a kwaikwayi jikin. A 1976 kamfanin Sega na Japan ya fito da Heavyweight Champ, wasan dambe mai hoto baƙi da fari. Abin riƙonsa kamar safar dambe yake, a ɗaga shi ko a saukar don zaɓen inda za a nausa, kana a tura shi gaba naushi ya fita. A 1979 kuma kamfanin Vectorbeam na Amurka ya kawo Warrior, inda ake hangen barade biyu daga bisa suna saran juna da takubba. Duka biyun an yi sha'awarsu, amma ba su sami magada nan da nan ba.

A wannan zamani finafinan Bruce Lee, musamman Enter the Dragon na 1973, sun riga sun cusa wa samari son faɗan ƙwarewa. Wanda ya fara biyan wannan bukata sosai shi ne Karate Champ na 1984, wanda Technos ya ƙera, Data East ya sayar. Sanduna biyu aka ba mai wasa, kuma yadda ya haɗa motsinsu shi ke haifar da shuri ko naushi ko tsalle. Ga alƙali yana ba da maki ɗaya ko rabi. Daɗa a cikin shekarar aka fito da wani samfurinsa wanda mutum biyu za su kara da juna. Ba a jima ba Konami ya biyo da Yie Ar Kung-Fu, mai ma'aunin da ke nuna sauran ƙarfin kowane ɗan faɗa, da abokan gaba iri iri, wannan da sanda, wancan da sarƙa ko takobi.

Duk da haka ba a daddara da kwaikwayon jiki ba. A 1987 Takashi Nishiyama da Hiroshi Matsumoto suka ƙera wa Capcom wasan Street Fighter, aka sa masa manyan maɓallai na roba masu auna ƙarfin duka. Jama'a suka dinga jibgarsu, hannuwa na ciwo, akwatuna na lalacewa. Tilas aka koma ga samfuri mai ƙananan maɓallai shida, uku na naushi, uku na shuri. Abin da ya wanzu daga wasan shi ne ɓoyayyun dabarunsa, waɗanda sai wanda ya iya murza sanda ta wata hanya ke iya fitarwa.

Sannu ba ta hana zuwa. A 1991 Street Fighter II ya tattara darussan nan duka: maɓallai shida, ma'aunin ƙarfi, da 'yan faɗa takwas, kowa da salonsa. Har aka tarar ana iya jera duka a kan duka kafin abokin gaba ya farfaɗo, abin da ba da niyya aka shirya ba, amma ya zama ginshiƙin wasan. Mai gidan wasa kuma kakarsa ta yanke saƙa, domin wanda ya ci nasara yana ci gaba, wanda aka kayar kuwa sai ya sake jefa kuɗi ko ya ba na baya wuri.

A taƙaice, muddin masu ƙira na neman ƙarfin dantse, wasan bai kafu ba. Sai da suka mai da shi gwajin ido da yatsa da karanta nufin mutumin da ke tsaye a gefe, sa'an nan jama'a suka yi masa layi. Wannan darasi ne ga duk mai ƙera na'ura domin amfanin mutane.