Dillancin Fili Da Gida A Damare: Kiɗa Ya Canza

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya, ranar da aka tara matasa masu sha'awar sana'ar dillanci

 



Shugabanni sun ce in yi magana a kan dillancin fili da gida, saboda sun lura yaranmu da yawa sun karkata can. Gaskiya ne kuwa. Yau da wuya ka zauna a majalisa ba ka ji wani yaro ya ce yana da fuloti a hannu ba. Sana'a ce ta halal, akwai rufin asiri a cikinta. Amma dillancin da iyayenmu suka yi daban, wanda ke gabanku daban, kuma wanda ya shiga da shirin jiya zai jawo wa kansa ɗauri, ya jawo wa jama'armu zubewar mutunci.

Ku fara sanin abin da ya sa ƙasa ta yi daraja a nan. A 1976 gwamnatin Janar Murtala ta ƙirƙiro Jihar Gongola, aka mai da Yola hedkwata, ma'aikata suka cika Jimeta. A 1981 aka kafa jami'ar nan ta hanyar Girei, wadda yau ake kira Jami'ar Modibbo Adama. A 1991 aka raba Gongola, aka sami Adamawa da Taraba. Sa'an nan ga abin da kowa ya gani da idonsa a 2014, lokacin da Boko Haram suka shiga Madagali da Michika, kuma a ƙarshen watan Oktoba Mubi ta faɗa hannunsu. Dubban bayin Allah suka kwararo, har sansanin 'yan hidimar ƙasa na nan Damare ya zama masaukin 'yan gudun hijira. Da ƙura ta lafa wasu sun koma, amma da yawa sun zauna, sun kama haya, daga baya suka nemi wurin gini. Jimeta ta cika ta batse, sai gari ya fara cin gonakin gefe. Gonar da da ake ba mutum aro don ya shuka dawa, yau ita ake yankawa fuloti-fuloti.

To, a da yaya ake yi? Mai gona ya zo, mai saye ya zo, a kira jauro da shaidu biyu, a ja igiya daga gindin wata tsamiya zuwa wata shuri, a ce albarka, a ce an sallama, a raba goro, a yi fatiha. Shi ke nan. Kuma ya yi aiki, don a lokacin kowa ya san kowa, ƙasa kuma ba ta da tsada balle a yi rantsuwar ƙarya a kanta. Yau fa? Shaidun sun riga mu gidan gaskiya, tsamiyar an sare ta an yi gawayi, shurin ruwa ya share. Sai jikan mai gona ya tashi ya ce kakansa aro ya bayar. Wa zai ƙaryata shi?

Wannan magana ta fi shafarmu mu da iyayenmu suka zo daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zazzau. Fulani da Bata da sauran waɗanda muka tarar sun karɓe mu hannu biyu, mun yi auratayya, Allah Ya saka musu da alheri. Amma ɗan ƙasa in aka yi gardama yana iya nuna kushewar kakansa. Kai da ka saya da kuɗinka, ba ka da abin nunawa sai takarda. Kuma ba wani sabon abu ba ne a addini. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Don haka wanda ya ce maka neman takarda rashin yarda ne, ka ce masa ya koma makaranta.

Wace takarda kuwa? Nan ne samari da yawa ke tuntuɓe. Tun 1978, zamanin mulkin soja na Obasanjo, aka yi dokar amfani da ƙasa, wadda ta ɗora ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da ni da kai muke da shi izinin zama ne da amfani. In wurin yana cikin yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni, gwamna ne ke ba da izinin, shi ke sa hannu a takardar shaidar mallaka da ake ce wa C of O, yawanci na shekara 99. In ƙauye ne, ƙaramar hukuma na iya ba da izini irin na gargajiya. Takardar cinikin da jauro ko lawani ya sa wa hannu tana da amfani ƙwarai, don shaida ce cewa an yi ciniki a gaban mutane, amma ba ita ce takardar mallaka ba. Kada ku ce wa mai saye fili “yana da takardu” alhali rasit ne kawai da hatimin mai unguwa. Ku faɗa masa wace iri ce, ya saya da saninsa.

Haka kuma wanda ke da C of O in zai sayar ko zai jinginar wa banki, doka ta ce sai da amincewar gwamna. Mutane da yawa suna biyan kuɗi su karɓi takarda mai sunan wani su jefa a akwati, shekara ashirin ba a canza suna ba. Ranar da mai sunan ya rasu, sai a wayi gari magada na da magana. Sa'an nan gwamnati na da ikon karɓe wuri don amfanin jama'a, kamar hanya ko makaranta, kuma diyyar da doka ta tanada ta abin da aka gina ko aka shuka ce. Saboda haka kafin ka kai kowa ga fili, ka taka zuwa ma'aikatar ƙasa da safiyo, a duba maka ko wurin awon gwamnati ne ko awon igiya, ko an keɓe shi don wani aiki, ko yana ƙarƙashin babbar wayar wuta. Kuɗin binciken nan kaɗan ne a kan kuɗin lauya.

Yanzu bari in daɗe kaɗan a kan gado, don a ganina shi ne ramin da ya fi cin dillalai. Yawancin gonakin da ake yankawa a gefen garin nan na gado ne. Babban wa ya zo maka da rawani da carbi ya ce gonar mahaifinsa ce, zai sayar. Tambaya ta farko: an raba? In ba a raba ba, ba shi kaɗai ke da ita ba. Matar mamaci tana da tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu. 'Ya mace tana da rabin rabon ɗa namiji, ko da tana aure a Garwa ko a Legas ba ta san ana ciniki ba. In akwai maraya ƙarami, rabonsa ba ya sayuwa don wani ya ga dama, sai ta hannun waliyyinsa bisa ƙa'ida, kuma mafi aminci a bi ta gaban alƙali. Waɗanda suka karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin sun san akwai babin shuf'a: idan mutane sun yi tarayya a ƙasar da ba a raba ba, ɗaya ya sayar da rabonsa ga bare, abokin tarayya na da ikon biyan kuɗin ya karɓe. Ka ga ke nan mai sayen da ka kawo yana iya zuba bulo ya kai linta, a zo a ce ya tattara. Wa zai kama? Kai dillali. Don haka ka nemi takardar rabon gado ta kotu, ko ka tara magada duka, mata da maza, kowa ya sa hannu ko ya dangwala.

Sai ruwa. Jama'a, mu maƙwabtan Binuwai ne, kada mu yaudari kanmu. Madatsar ruwa ta Lagdo da ke Kamaru tun 1982 take aiki, kuma madatsar Dasin Hausa da aka daɗe ana maganar ginawa a ƙasar Fufore don ta tare ruwan, har yau ba a yi ta ba. Mun ga 2012, mun ga 2022. Filin da ke kwance fes a watan Maris, ƙasa ta tsage, motoci na wucewa, a watan Satumba sai da kwalekwale. Dillalin da ya san aikinsa da damina yake yawon ganin fili. Ya dubi bangon maƙwabta ya ga inda ruwa ya bar zane, ya tambayi tsofaffin manoma da masunta inda ruwa ya tsaya a shekarun ambaliya. Baƙar laka mai tsagewa da rani tana fasa gini in ba a kashe kuɗi a harsashi ba, wannan ma a faɗa wa mai saye. Ɓoye aibi haramun ne, kuma shari'a ta ba mai saye damar mayar da kaya in ya gano. Wallahi ban ga amfanin la'adar da za ta sa ka riƙa canza hanya in ka hango wani ba.

Awo kuma ku koye shi, ido ba mudu ba ne. Fuloti mai ƙafa 100 da 50 kusan mita 30 da 15 ne. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, wato in ba a cire komai ba za ta ba da irin wannan fuloti 21. To duk wanda ya ce maka ya fitar da 21 daga hekta guda, ka san bai bar hanya ba, bai bar magudanar ruwa ba, balle masallaci ko makaranta. Irin wannan yanka ne ke haifar da lungunan da ko motar ɗaukar gawa ba ta shiga. A kira safiyo mai lasisi ya kafa duwatsun iyaka, ya ba da zane mai lambobi. Igiya tana miƙewa, lamba ba ta miƙewa.

Wayar da ke aljihunku ma kayan aiki ce, kuma a nan kun fi mu. Mai saye yana Abuja ko Saudiyya, za ka aika masa hoto da bidiyo ta WhatsApp, ka tura masa wurin a taswira. Madalla. Amma shi ma ɗan damfara da ita yake aiki, ya ɗauki hoton filin wani ya sa a Facebook ya karɓi kafin alƙalami. Kada ka tallata abin da ƙafarka ba ta taka ba, ko wanda ba ka ga mai shi ido da ido ba. Kuɗi kuma su bi ta banki, daga asusun mai saye zuwa na mai sayarwa kai tsaye, kada su kwana a naka. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya koya wa har dattawa tiransifa, kuma alheri ne, don banki ba ya manta rana da adadi.

Game da la'ada, a yanke ta tun kafin ciniki, kashi biyar ne ko goma cikin ɗari, kuma wa zai biya. Abin da ake yi na mai fili ya ce miliyan uku, dillali ya ce wa mai saye huɗu ya soke ɗaya ba da sanin kowa ba, malamai na nan zaune, ku tambaye su hukuncinsa. Haka ɗauko abokinka ya zo yana taya fili da ƙarya don kuɗi ya hau, wannan shi ne najashi da Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana. Su kuma 'yan kayi-nayi da ke jeruwa mutum bakwai a kan fuloti ɗaya, ban hana kowa neman abinci ba, amma ku sani in rigima ta tashi duk ɓacewa suke yi, a bar wanda aka san gidansu.

Wanda ke son ya shiga, shawarata ya bi wani dattijon dillali mai amana shekara ɗaya ko biyu, yana riƙe masa jaka, kamar yadda muka bi iyayen gidanmu a kasuwa. Ya fara da haya, ɗaki ɗaya, shago ɗaya, nan ake koyon halin mutane da rubuta yarjejeniya. Ya sayi babban littafi ya riƙa rubuta kowane ciniki: rana, wuri, iyaka gabas da yamma, kudu da arewa, sunayen shaidu, da kwafin kowace takarda. Ya riƙe wata sana'a a gefe, don dillanci wata uku ana iya yi ba a ga sisi ba, kuma yunwa ce ke sa mutum sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. Wanda ya yi boko kuma ya sani ana karanta harkar gidaje da filaye da aikin safiyo a manyan makarantu, har da ƙungiyoyinsu masu ba da lasisi. Me zai hana mu sami namu a ciki?

Ina roƙon shugabanni abu biyu. A buɗe rajista a ofishin ƙungiya, duk ɗanmu da ke dillanci a rubuta sunansa da dattijon da ya tsaya masa, yadda baƙo zai san wanda zai nema. Sa'an nan a taro mai zuwa a gayyato lauya guda da safiyo guda da alƙali ko malamin gado, kowa ya zo da takardun gidansa a duba masa, musamman iyayenmu mata da mazansu suka rasu suka bar musu gida da 'yar takarda ɗaya a ƙarƙashin katifa.

Allah Ya ba mu halal mai albarka, Ya zaunar da jiharmu lafiya.