Bayan an rufe aji, ina alƙalami za ya kwana?



Maganar yau a kan ƙungiyar masu rubutu take. Kowa ya san yadda karatun manya ke tafiya. Da rani ake buɗe aji. Mutum ya yi wata huɗu ko biyar yana zuwa, har ya iya rubuta sunanshi da sunan garinsu. Sai ruwan shuka ya sauka, a rufe aji. Kaye ya shiga cikin adaka, bik ya bushe. Daga shuka sai noma, daga noma sai girbi. Bayan girbi samari su kama hanyar cin rani. In rani ya kewayo, mutum ya buɗe kaye nashi, sai ya tarar rubutun hannunshi ya zame mashi baƙo.

Wannan ciwo tsoho ne. Tun 1963 gwamnatin Nijar ta kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci, kuma tun wannan lokaci malamai ke kuka da mantuwa. Don maganinta ne aka riƙa buga jaridun karkara kamar Ganga da Sabon Ra'ayi, wanda ya fita aji ya samu abin karantawa. Amma karatu kawai bai isa ba. Hannun da bai rubutu sanyi yake yi.

Ga wani labari daga Kano. Wajen ƙarshen shekarun 1980, waɗansu masu sha'awar rubutu suka haɗu suka kafa ƙungiya, suka sa mata suna Raina Kama. Daga karin magana suka ɗauko sunan: raina kama ka ga gayya. Cikinsu akwai Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu. Ku saurara da kyau: su biyun nan a ajin manya suka samu yawancin karatunsu na boko. Balaraba tana yarinya ƙarama aka fidda ta daga makaranta aka yi mata aure. Da girmanta ta koma aji. A 1987 ta fito da littafinta Budurwar Zuciya. Wani littafin nata, Alhaki Kwikwiyo Ne, an juya shi zuwa Ingilishi a ƙasar Indiya a 2012. Shi kuwa Ado Ahmad, littafinshi In Da So Da Ƙauna ya fito a 1991, ya shiga gidaje da kasuwanni na ƙasar Hausa duka.

Ba wani babban kamfani ya ɗauke su ba. Junansu suka riƙa. Wannan ya duba rubutun wancan, su ba juna shawara a kan wurin bugawa da hanyar saidawa. A cikin littattafansu sukan jera sunayen littattafan ƴan ƙungiya, don mai karatu ya nemi saura.

To, Filinge ba Kano ba ce, babu injin buga littafi a kowace unguwa. Amma ƙungiya ba daga inji take farawa ba. Mutum biyar ko shida sun isa. Su zaɓi rana guda cikin mako, wadda ba ta kasuwa ba, tunda ran Lahadi kowa na kasuwar Filinge. Su samu inuwa da tabarma. Kowa ya zo da abin da ya rubuta, ko da layi uku ne.

Aiki na farko shi ne karantawa da ƙarfi. Mai rubutu ba shi ke karanta nashi ba, wani yake miƙa ma. Dalili kuwa, mai rubutu ya san abin da yake nufi, ko ya tsallake baƙi bakinshi za ya cika. Amma in wani ya karanta, duk inda ya yi tuntuɓe, nan gyara take. Nan ake gane wanda ya manta lanƙwasar ƙ, ya so ya ce "ƙafa" ya rubuta "kafa". Nan ake gane wanda ya so ya ce ya sha "daɗi" a biki, ya bar ɗ ba ƙugiya. Za a yi dariya, ba laifi. Amma doka guda ce: takarda ake gyara, ba a kunyata mai ita. Dattijon da aka yi ma ba'a gaban yara ba ya sake dawowa.

Sai wasiƙa. Gidaje da yawa a Kurfai suna da ɗa a Yamai, ko Abijan, ko Ikko, ko Libiya. Gaskiya ne yanzu akwai salula, mutum ya yi magana a ji muryarshi. Amma zancen kuɗi da bashi da jinginar gona, murya ba ta riƙe shi. Wanda ya ba da aron tiya ashirin ta hatsi, ya rubuta rana da sunan shaidu, ba ya faɗa da maƙwabci da kaka. Matan da ke adashi ko asusu, in ɗaya cikinsu ta iya riƙe kaye, ba su bukatar kiran wani namiji ya san sirrinsu. A ƙungiya ake koyon irin wannan takarda, a yi ta maimaitawa har hannu ya saba.

Aikin da ya fi nauyi shi ne na tsofaffi. Kurfai na da labari. Akwai zamanin yaƙe-yaƙe cikin Dallol Boso, da zamanin Mayaƙi Gado Namalaya lokacin zuwan Nasara. Akwai yadda aka gina kowace rijiya, da wanda ya fara saran kowane gari. Akwai farin 1973 da na 1984, da irin ganyen da mutane suka ci suka rayu, da hanyar da aka bi da bisashe. Makiyayan da suka yi aiki a garken gwamnati na Tukunus sun san saniyar Azawak ciki da waje. Yawancin abin da aka rubuta a kan ƙasar nan da Faransanci yake, yana ajiye a Yamai, masu labarin ba su iya karanta shi. Tsohuwa ɗaya in ta rasu, waƙoƙin daka nawa ke tafiya da ita?

Ga yadda ake yi. Mutum biyu su tafi wurin tsoho, da goro. Ɗaya na tambaya, ɗaya na rubutu. A sa sunan gari da ranar da aka yi hirar. A rubuta yadda ya faɗa, da Hausar Kurfai, kada a gyara mashi baki. In an gama a koma a karanta mashi, ya ce i ko a'a. In tsoho biyu suka saɓa, a rubuta duka biyu, ƙungiya ba alƙali ba ce.

Akwai kuma yara. A cikin ƴan shekarun nan rashin kwanciyar hankali ya sa an rufe ɗaruruwan lakkwal a jihar Tilaberi. Yaron da ya yi aji uku ya zauna gida, mantuwa ke jiran shi kamar babanshi. In ƙungiya na zama, a bar shi ya zauna gefen tabarma. Sau da yawa ma shi za ya nuna ma manya inda ake sa aya.

A watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar. Ke nan za a ƙara bukatar masu rubuta ta, kuma ba a birni kawai ba.

Abin da ake bukata kaɗan ne: kaye babba guda na ƙungiya, bik, da akwatin ƙarfe saboda gara da ruwa. A zaɓi mai riƙon akwati, mace ko namiji, wanda ba ya tafiya cin rani. Da damana, in aiki ya yi yawa, a rage zama ya koma sau ɗaya cikin mako biyu, bayan la'asar, amma kada a yanke. Abin da ƙungiya ta ga ya yi kyau, a sake kwafe shi da hannu mai kyau, a ba malamin aji ya kai ofishin yaƙi da jahilci na Filinge.