Rumbun Mazaunin Birni



Maganata ta fi shafar sababbin ma'aurata da masu zaman kaɗaici, waɗanda sukan ɗauka tanadi aikin mai tarin iyali ne. Alhali kuwa mai awon kullum, mai sayen shinkafa gwangwani-gwangwani, shi ya fi kowa shan tsada, balle tun da aka janye tallafin man fetur a 2023.

Iyayenmu da rumbu suka rufa wa kansu asiri. Ɗakin haya ba shi da wurin rumbu, amma ba ya rasa wurin jarka. Idan kaka ta yi, gida uku su haɗa kuɗi, su sayo buhun gero da na wake daga garinmu ko kasuwar Dawanau, su raba da kwano. Waken a shanya shi ya bushe sarai, a cika jarka har baki, a toshe ta gam. Rashin iska ke kashe ƙwarin, ba sai an barbaɗa magani ba.

Ku kuma samari, ku rubuta abin da kuke kai wa mai shayi cikin wata guda, ku kwatanta shi da kuɗin kwanon gero.