Jin Ɗumi da Wuta a Lokacin Hunturu

A watannin Disamba da Janairu, musamman a wurare irin su Jos da Pankshin, mukan shigar da kaskon wuta ɗaki, mu rufe ƙofa da taga, mu kwanta. To, nan haɗarin yake. Garwashi yana fitar da wata iskar guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ko hayaƙi ya ɗauke tana nan. Wanda yake ido biyu zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya. Mai barci kuwa, sai dai da safe a ɓalle ƙofa. Mu ji ɗuminmu, amma kafin barci mu fitar da kaskon waje. Wanda ya fara jiri a fito da shi ya sha iska, a kai shi asibiti.

Masu murhu mai bututun hayaƙi, mu share kunkunniyar da ta taru a ciki kafin sanyi ya shigo, gama tana kama wuta. Ɗanyen itace ne ya fi tara ta. Toka kuma takan ɓoye garwashi har washegari, kada mu zubar da ita kusa da zana sai mun jiƙa ta da ruwa.